Doom Eternal da Doom na 2016: tambayoyi da amsoshi kan ko ƙane ya kai wansa

Tun ranar da Doom Eternal ya fito, musu bai kwanta ba tsakanin 'yan gem. Wasu na cewa ƙane ya zarce wansa nesa ba kusa ba, wasu kuma na cewa an ɗauki abu mai daɗi an jibga masa kaya har ya rasa kamanninsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi dawowa a wannan musu, daga na sabon shiga har na wanda ya gama wasannin biyu.

1. Waɗanne wasanni biyu ake nufi?

Dukansu na kamfanin id Software ne da ke jihar Texas a Amurka, Bethesda kuma ta fitar da su. Na farko sunansa Doom kawai, ya fito 13 ga Mayu 2016, ana haɗa shi da shekararsa ne don kada ya rikice da Doom na asali na 1993. Na biyu, Doom Eternal, an so fitar da shi a Nuwamba 2019, aka ɗage zuwa 20 ga Maris 2020. Kowanne yana da stej 13, kuma a kowanne kana ganin duniya ta idon mayaƙin da ake kira Doom Slayer, bindiga a gabanka, dodannin Jahannama suna tururuwa. Na 2016 ya fi gudana a wata cibiyar bincike a duniyar Mars, Eternal kuwa ya fara ne a doron ƙasa bayan dodanni sun mamaye ta, kamar yadda Doom II ya yi a 1994.

2. A gajarce, Eternal ya kai na 2016?

A faɗa ya wuce shi. A yanayi, da salon ba da labari, da sauƙin shiga, bai kai shi ba. Masu sharhi sun ɗan fifita Eternal: a Metacritic, shafin da ke tara makin masu sharhi, na kwamfuta ya samu 88, wansa 85. Amma wannan tazarar ba ta bayyana zafin musun. Abin da ya raba mutane shi ne Eternal bai zo a matsayin na 2016 da aka ƙara wa girma ba. Na 2016 yana ba ka bindigogi ya ce ka yi yadda ka ga dama. Eternal yana ba ka kayan aiki ya ce ga yadda ake amfani da su, in ka ƙi ka mutu. Kusan duk wani ƙorafi da za ka ji, daga ƙarancin harsashi har dodon da ake kira Marauder, reshe ne na wannan shawara guda (duba tambaya ta 3, ta 5 da ta 6).

Akwai kuma batun ba-zata. A 2016 ba wanda ya sa rai sosai: gwajin wasan intanet da aka buɗe kafin fitowarsa bai burge ba, kuma ba a bai wa masu sharhi kwafi da wuri ba. Da mutane suka tarar da abu mai kyau sai daɗin ya ninka. Eternal bai samu wannan gatan ba, ya zo ne ana riƙe da ma'auni ana jiransa.

3. Me ya sa harsashi ke ƙarewa da wuri a Eternal?

Da gangan aka yi. A na 2016 bindigar shotgan tana farawa da harsashi 20, in ka gama inganta ta ta kai 60. A Eternal tana farawa da 16, iyakarta 24. An kuma cire ƙaramar fistol mai harsashi marar ƙarewa, naushi na yau da kullum kuwa kusan ba ya yi wa dodo komai. Saboda haka wanda ya shigo da halin na 2016, ya danna kunama ya riƙe, cikin minti ɗaya zai ji bindiga ta yi shiru.

Maganin yana hannunka tun stej na farko: zarto mai inji. A na 2016 man zarton ba ya dawowa sai ka tsinci jarka, shi ya sa mutane suka saba adana shi don babban dodo. A Eternal ma'aunin man yana da gida uku, kuma gida ɗaya yana cika da kansa cikin kusan sakan 20. Gida ɗaya ya isa yanka ƙaramin dodo, irin Imp ko sojan da aka shafa, shi kuma ya fashe da harsashi kala-kala na duk bindigoginka. Ƙananan dodannin nan ba sa ƙarewa a filin faɗa muddin manyan suna raye, wasan yana ta turo su. Wato ba abokan gaba ba ne sosai, rumbun harsashi ne mai ƙafafu.

Kuskuren da aka fi yi guda biyu ne. Na ɗaya, jiran sai harsashi ya ƙare ƙaf kafin a tuna da zarto, a lokacin kuma babban dodo ya riga ya matso. Na biyu, tara gida uku don yanka dodo matsakaici, sannan a rasa mai a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ka yanka ƙarami duk sanda gida ɗaya ya cika, ko da kana ganin kana da saura.

4. Ta ina ake samun jini da sulke, tunda ba su da yawa a ƙasa?

Daga jikin dodanni. Idan ka raunata dodo har ya fara walƙiya yana tangaɗi, ka matsa ka gama da shi da hannu, abin da wasan ke kira Glory Kill, sai jini, wato ƙarin lafiyarka, ya zubo maka. Wannan yana cikin wasannin biyu. Abin da Eternal ya ƙara shi ne bututun wuta a kafaɗa, Flame Belch: dodon da ka cinna wa wuta yana zubar da sulke yayin da kake harbinsa, in ya mutu yana ci ya zubar da mai yawa. Glory Kill kuma yana cika maka Blood Punch, naushi mai ƙarfi da ke watsa na kusa da kai.

Ga yadda faɗa ɗaya ke tafiya a hannun wanda ya saba. Ya shiga fili, ya tarar da ƙananan dodanni uku a cunkushe, ya hura musu wuta, ya jefa gurneti a tsakiyarsu, sulke ya tarwatse a ƙasa ya bi ta kai ya kwashe. Ya juya kan Arachnotron, babban dodo mai kama da gizo-gizo, ya karya bindigar bayansa, ya zabura gefe sau biyu, ya ga harsashi ya yi ƙasa, ya yanka wani soja da zarto, ya koma. Duk wannan bai fi sakan goma sha biyar ba. Masoyan Eternal wannan suke nufi idan sun ce wasan kamar kiɗa yake. Masu sukarsa kuma wannan ɗin dai suke nufi idan sun ce ido ya koma kan alamomin da ke kusurwar allo, ana duba me ya cika me bai cika ba, maimakon kallon dodon da ke gaba.

5. Da gaske ne Eternal yana tilasta maka bindigar da za ka yi amfani da ita?

A awannin farko, kusan haka ne. Kowane babban dodo an ba shi lago, kuma wasan yana tsayar da kai ya nuna maka. Arachnotron bindigar da ke bayansa, Mancubus bututun hannayensa biyu, Revenant akwatunan roka na kafaɗunsa. Cacodemon, ƙwallon nan mai ido ɗaya da ke shawagi, in ka jefa masa gurneti ko bam mai mannewa a baki ya haɗiye, nan take yake tangaɗi. Garkuwar soja mai shuɗin haske bindigar plasma ke fasa ta. Pinky gabansa sulke ne, sai ta baya ko da Blood Punch. Tunda a farko bindigoginka biyu ko uku ne, hanyar da aka nuna maka ita ce kusan kaɗai mai arha.

Daga tsakiyar wasa abin yana sakewa. Da ka samu Super Shotgun mai baki biyu da ƙugiyarta, da bindigar Ballista, da roka mai kulle dodo ta sako uku a jere, za ka iya kashe Arachnotron ba ka ko kalli bindigar bayansa ba. Sirrin shi ne sauya bindiga da zarar ka harba: harbi ɗaya da Super Shotgun, ka koma Ballista, ka dawo, don sauyawar tana yanke jiran ɗurin harsashi. Gaskiyar da masu sukar suka riƙe ita ce, a na 2016 kana iya gama rabin wasan da Super Shotgun da Gauss Cannon kawai, har akwai layar Rich Get Richer da ke ba ka harsashi marar ƙarewa muddin sulkenka ya kai wani adadi. Wannan 'yancin ya tafi. Ko 'yanci ne ko gurgun tsari, nan ne kowa ke tsayawa a kan ra'ayinsa, amma masu ƙera wasan sun nuna a fili cewa a wurinsu gyara suka yi.

6. Yaya ake kashe Marauder, kuma me ya sa ake ƙinsa haka?

Marauder yana fara bayyana a ƙarshen stej na shida, ARC Complex, daga baya ya riƙa shigowa cikin faɗa na yau da kullum. Yana da garkuwa da ke tare duk abin da ka harba masa kai tsaye, har babbar bindigar BFG. In ka matso kusa ya sakar maka shotgan. In ka yi nisa ya jefo maka hasken gatarinsa. In ka yi ta harbin garkuwar ya sako maka kare na wuta. Wuri ɗaya ne yake buɗewa: matsakaiciyar tazara, inda zai rugo ya ɗaga gatari, idanunsa su yi walƙiyar kore tare da wata ƙara.

Matakan su ne: fara share manyan dodannin filin kana zagaye, ka bar shi na ƙarshe. Tsaya a tazarar da ba kusa ba ba nisa ba, kana riƙe da Super Shotgun, kada ka harba. Da koren ya haska, harba. Zai yi taga-taga. Nan take sauya zuwa Ballista ka ƙara masa, mai saurin hannu yana samun na uku kafin garkuwa ta dawo. Ja da baya zuwa tazarar farko, ka maimaita. Karen in ya fito kashe shi da harbi ɗaya ko biyu, kada ka bar shi yana cizonka ta baya. Fashewar bam mai mannewa ko roka a ƙasa ta bayansa ma tana taɓa shi, don garkuwar gaba kawai take karewa. Abin da ke kashe mutane shi ne gaggawa: harbi kafin kore yana jawo kare, ja da baya da yawa kuma yana hana shi rugowa, sai faɗan ya yi ta ja.

Dalilin ƙinsa kuwa, duk sauran wasan yana koya maka kai ne mai kai hari, shi kaɗai ne ke sa ka jira sai ya ga dama. Wannan suka tana da tushe. Amma wanda ya iya sauyin bindiga na tambaya ta 5 yana gamawa da shi a buɗewa biyu ko uku, daga nan ya zama dodo kamar kowane.

7. Ina ruwan Doom da tsalle-tsalle da hawan bango?

Nan ne ƙorafin ya fi gaskiya. Eternal ya ba ka tsalle biyu tun farko, ya ƙara zabura biyu a stej na biyu, Exultia, ga sandunan lilo da bangon da ake maƙalewa. A cikin faɗa waɗannan alheri ne, su suka sa filin ya zama sama da ƙasa. Tsakanin faɗa da faɗa kuwa an shimfiɗa dogayen wuraren tsallake rami, da sarƙoƙin wuta masu juyawa, da wani shunayyen taɓo da ke hana ka tsalle, har da ninƙaya a stej ɗin Taras Nabad. Ba su da wuya sosai, kuma faɗawa rami ɗan jini kawai yake ci, saɓanin na 2016 inda faɗawa mutuwa ce. Matsalar ita ce sau da yawa ba ka san inda ake so ka nufa ba. Ka nemi koren haske, kusan kullum shi ke nuna hanya. Na 2016 ma yana da hawa, musamman a Argent Energy Tower, sai dai bai mai da shi sana'a ba.

8. Wanne ya fi labari?

Na 2016, kuma da ƙarancin magana ya ci. A mintunan farko Samuel Hayden, shugaban cibiyar, ya fara yi maka bayani ta wani allo, Slayer ya ture allon gefe. A cikin lif Hayden yana cewa duk abin da aka yi don amfanin bil Adama ne, Slayer ya kalli gawar da ke yashe a ƙasa, ya naushe na'urar maganar. Daga baya an roƙe shi ya cire wasu na'urori masu tsada a hankali, ya sa ƙafa ya ragargaza su. Ba ka taɓa fita daga idonsa ba, amma ka san halinsa sarai.

Eternal ya ɗauki hanyar tatsuniya mai faɗi: limaman Jahannama uku, da Khan Maykr, da mayaƙan Sentinel, da tarihin da ya tabbatar cewa Slayer shi ne sojan wasannin 1993 da 1994. Kyamara tana fita ta nuna shi daga waje. Mafi yawan bayanin yana cikin takardun da ake tsinta, wanda bai karanta ba zai ga ana ta ambaton sunaye bai san su ba. Ko yadda aka tashi daga ƙarshen na 2016 aka tsinci Slayer a wata fada da ke shawagi a sararin samaniya, wasan bai tsaya ya bayyana ba.

9. Me ya sa ake cewa Eternal ya yi kama da katun?

Saboda launi. Bindigogi suna shawagi cikin koren haske, harsashi kowane iri da launinsa, ga ƙarin rai da ake tsinta kamar a tsofaffin gem. An yi haka ne don ido ya gane abu cikin gudu, kuma a saurin Eternal ana buƙatar hakan. Na 2016 ya fi duhu da ƙarfe da jini, bindiga kana ɗaukarta ne daga hannun gawa. A saitin Eternal ana iya sauya launin alamomin allo, a rage su, a kashe darussan da ke tsayar da wasa.

10. Wanne ya fi wuya, kuma a wane mataki zan fara?

Eternal ya fi wuya a kowane mataki mai suna iri ɗaya. Wanda ya gama na 2016 a Ultra-Violence ya fara Eternal a Hurt Me Plenty, matakin da ke ƙasa da shi, ba abin kunya ba ne, kuma ana iya sauyawa a tsakiyar wasa. Ƙarin wuya a Eternal ba ya ƙara yawan dodanni, yana ƙara zafin dukansu da yawan harinsu ne. Stej uku na farko su suka fi ci wa sabo tuwo a ƙwarya, musamman Cultist Base, don kayan aikinka ba su cika ba. Wajen ingantawa da lu'ulu'un Sentinel, fara da harsashi. In bos ya kashe ka sau da yawa, wasan zai miƙo maka wani sulke na musamman da ke rage duka. Ultra-Nightmare kuwa, a wasannin biyu, mutuwa ɗaya ce ta mai da kai farko.

11. Da hannun gem ko da kibod?

Na 2016 yana tafiya lafiya da kowanne. Eternal ya fi daɗi da kibod da linzami, don kowace bindiga tana samun maɓallinta. Matso da su kusa da yatsu, irin Q, E, R, F da maɓallan gefen linzami, maimakon miƙa hannu zuwa 6 ko 7. A hannun gem kuwa, mai da tsalle da zabura kan maɓallan sama don babban yatsa kada ya bar sandar saiti, kuma ka tuna faifan zaɓen bindiga yana rage gudun lokaci idan ka buɗe shi.

12. Kwamfutata za ta ɗauka?

Dukansu suna neman RAM gig 8. Na 2016 yana tashi daga katin hoto irin GTX 670, Eternal daga irin GTX 1050 Ti mai gig 4. Abin mamaki, injin id Tech 7 na Eternal yana da sauƙin gudu ƙwarai in aka duba kyan hotonsa. In ya ƙi karɓar saitinka, rage Texture Pool Size, don wasan ba ya yarda ka wuce ƙwaƙwalwar katinka. A na 2016 sauya daga OpenGL zuwa Vulkan, musamman a katin AMD. Kowanne ya haura gig 50 wajen saukewa, mai sayen data da kuɗinsa ya yi lissafi tukuna. A Nintendo Switch dukansu suna gudu a hoto 30 cikin sakan, rabin na PS4. Kuma ba na yara ba ne, a Turai shekara 18 aka sa musu.

13. Wasa da mutane ta intanet fa?

Ba wanda ya yi fice. Na 2016 yana da faɗan ƙungiya da ƙungiya da kuma SnapMap na ƙera stej da kanka. Eternal ya watsar da duka biyun ya kawo Battlemode, Slayer ɗaya da 'yan wasa biyu a matsayin dodanni. An yi alkawarin Invasion, inda wani zai kutso cikin wasanka a matsayin dodo, aka soke shi, aka kawo Horde Mode a Oktoba 2021. A Mayu 2020 kuma an saka wa na kwamfuta manhajar hana maguɗi ta Denuvo, mutane suka yi ca, aka cire ta.

14. Me ya faru da kiɗan?

Mick Gordon ne ya yi kiɗan wasannin biyu, na 2016 har ya ci kyautar kiɗa da sauti a The Game Awards na shekarar. Kiɗan da ke cikin Eternal kansa ba a yi musu a kan kyansa ba. Rigimar ta tashi ne kan kundin da aka fitar daban a Afrilu 2020, wanda aka gano kaɗan daga cikin waƙoƙinsa 59 ne Gordon ya tace da hannunsa. Marty Stratton na id Software ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa a Mayu 2020 yana ɗora jinkiri a kan Gordon, shi kuma ya mayar da doguwar amsa a Nuwamba 2022 yana musantawa tare da nasa zarge-zargen. Ba su sake aiki tare ba. Andrew Hulshult da David Levy suka yi kiɗan ƙarin stej na tambaya ta 16.

15. Da wanne zan fara?

Da na 2016. Yana ɗaukar awa 11 zuwa 13, Eternal 14 zuwa 16. Dalilin ba labari ba ne, ƙafa ce: wanda ya saba da zabura da ƙugiyar Super Shotgun, in ya koma na 2016 zai ji kamar an ɗaura masa dutse, yana ta danna maɓallin da babu shi. Sai dai ka shiga Eternal da sanin cewa halin adana zarto da ka koya a can shi zai fara kashe ka a nan (tambaya ta 3).

16. The Ancient Gods da The Dark Ages sun sauya musun?

The Ancient Gods ƙari ne kan Eternal, kashi na ɗaya 20 ga Oktoba 2020, na biyu 18 ga Maris 2021. Kashi na ɗaya ya ɗauka ka riga ka ƙware: tun stej na farko yana haɗa ka da Marauder biyu a lokaci guda, daga baya ga Spirit da ke shiga jikin dodo ya ƙara masa ƙarfi, wanda in ya fito ba abin da ke kashe shi sai hasken Microwave na bindigar plasma. Wanda ke ƙorafin tilasci a tambaya ta 5 ya samu hujja mafi ƙarfi a nan, don wannan kam bindiga ɗaya ce tak. Kashi na biyu ya sassauta, ya ba ka gudumar Sentinel da ke sumar da dodanni.

Doom: The Dark Ages ya fito 15 ga Mayu 2025, labarinsa kafin na 2016 ne. An cire zabura da yawan shawagi, aka ba Slayer garkuwa mai haƙoran zarto da yake jifa da ita, yake kuma mayar da duk harin da ya zo da koren haske. Koren nan da aka yi ta zagi a idon Marauder shi ya zama ginshiƙin wasan gaba ɗaya. Yana kuma buƙatar katin hoto mai iya bin sawun haske, irin jerin RTX, don haka kwamfutar da ta ɗauki Eternal a GTX 1050 Ti ba za ta buɗe shi ba.